Tayi suka yi maka, ka ce musu albarka

Assalamu alaikum Kawu. Ni haifaffen Agege ne, ina sayar da yadi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar goro ne. A 1982 ya sayi Fijo 504 sabuwa dal, haɗin Kaduna, da ita yake kai mu Kano duk babbar sallah. Bayan rasuwarsa ta yi shekara shida a ajiye ƙarƙashin rumfa. Na kwashe shekara uku ina tayar da ita: inji, fenti, kujeru, wayoyi, komai. Na yi mata cikakkiyar inshora a kan naira miliyan 4.5, ina biyan 225,000 duk shekara, ban taɓa fashi ba. Watan jiya a titin Ikorodu, wajen Ojota, wata jif ta dake ni ta baya, na je na daki ƙarfen gefen titi. Alhamdu lillahi na fita lafiya. Kamfanin ya turo mutum ya duba, suka ce ba ta gyaruwa, za su ba ni miliyan 1.2, su cire wani kaso, su kuma ɗauke motar. Sun aiko da takarda in sa hannu, wai in na sa cikin mako biyu kuɗi zai shigo. Abin da na kashe a fenti da kujeru kaɗai ya fi haka. Hajiya kuma ta ce ko sisi ba a bayar ba, kada a kai motar Alhaji wurin 'yan gwangwan. Abokina ya ce in karɓa in haƙura, ba a ja da kamfani a Ikko. Me zan yi?

Ɗanka daga Agege

Wa alaikumus salam ɗana. Barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba, ya jiƙan Alhaji da rahama.

Kada ka sa hannu a takardar nan. Ko yau, ko gobe, ko ranar da mako biyun ya cika. Ka ajiye ta a cikin durowa tukuna.

Kai ɗan mai goro ne, ka tashi kana ganin yadda ake ciniki a bakin huhu. Mai saye ya yi tayi, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a ja, a kira dillali ya shiga tsakani. Amma da zarar mai kaya ya buɗe baki ya ce "na sallama", magana ta ƙare, ko da daga baya ya gano an kware shi. Miliyan 1.2 ɗin nan tayi ne. Takardar da suka aiko kuwa, wadda ma'aikatansu ke kira baucar sallama, ita ce "na sallama" a rubuce. In ka karanta ta a tsanake za ka ga layin da ke cewa ka karɓi kuɗin a matsayin cikakken biya na ƙarshe, ba ka bin kamfanin komai. Na taɓa raka wani maƙwabcina na Idi-Araba ofishin wani kamfanin inshora a kan irin wannan magana. Ya riga ya sa hannu, kuɗi ya shiga, sannan ya dawo da rasidai cike da leda yana neman a sake duba masa. Matar da ta saurare mu ba ta ɗaga murya ba. Fayil kawai ta buɗe, ta juyo da takardar, ta ɗora yatsa a kan sa hannunsa. Har muka sauko daga benen nan muka hau mota bai ce uffan ba. Ba na so ka ga irin wannan rana.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ba zai yi maka daɗi ba, gara ka ji daga bakina da ka ji daga bakin lauyansu. Inshora ba ta biyan tarihi. Tafiye-tafiyen Kano, da ƙamshin goron da ya kama but ɗin motar, da wurin da hannun Alhaji ya goge a sitiyari, duk babu ko ɗaya da zai shiga lissafinsu. In ka shiga ofishinsu da wannan magana za su yi maka jaje, su ba ka ruwa, ka fito yadda ka shiga. Ƙa'idar da inshorar dukiya ke tafiya a kai ita ce a mayar da kai inda kake ta fuskar kuɗi kafin asarar, ba ƙari ba ragi. Kuma miliyan 4.5 da aka rubuta a takardarka, a yawancin yarjejeniyoyin mota, ba alkawarin abin da za a biya ba ne. Iyaka ce, wato ba za a wuce nan ba. Abin da suke ɗaure kansu da shi shi ne kuɗin da motar za ta yi a kasuwa a ranar da aka yi hatsarin. Sai fa in yarjejeniyarka irin wadda aka amince da daraja tun farko ce, inda kai da su kuka tsayar da adadi aka rubuta cewa shi za a biya in motar ta salwanta. Masu tsofaffin motoci masu daraja irin wannan suke nema. Don haka ka ɗauko cikakkiyar takardar yarjejeniyar, ba 'yar shaidar nan mai shafi ɗaya da ake nuna wa 'yan sanda ba, ka nemo wurin da aka yi maganar yadda ake biya in mota ta tashi daga aiki. In an rubuta darajar da aka amince da ita, to gardama ta kusa ƙarewa, haƙƙinka miliyan 4.5 ne ban da kason da ke kanka. In darajar kasuwa aka rubuta, to nan aikin yake, kuma a nan ɗin ma ina ganin kana da gaskiya mai yawa.

Ga dalili. Mai ƙiyasta asara da suka turo, galibi da ma'aunin motocin yau da kullum yake aiki: mota tana sabuwa tana da kuɗi, duk shekara ana zaftare wani abu, har ta kai kuɗin ƙarfe. Wannan ma'auni daidai ne ga Corolla ta 2010 da ake samun irinta ɗari a kasuwar Berger. Amma in ka ɗora shi a kan motar da ta haura shekara 40, lissafin zai kai ka ga kuɗin gwangwan ko da motar tana ƙyalli kamar amarya. Ita kuwa 504 ba shekaru ke yanka mata kuɗi ba yanzu, lafiyarta ce. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, a 1969 ta ci kambun motar shekara ta Turai, a 1975 ta lashe gasar tseren motoci ta Safari ta Gabashin Afirka, shekarar da masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara aiki. Mu da muka ga zamanin mun san ita ce motar gwamna, ita ce motar sakatare, ita ce ta haya daga Legas zuwa Kano, ita ce ta kai amarya. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Yanzu ba a yin ta ko'ina. Waɗanda suka rage yawancinsu aikin haya da ɗaukar kaya ya cinye su. Mai hannu ɗaya, wadda ba ta taɓa shiga tasha ba, da injinta na asali da takardunta na farko, ba a tsintar ta a bakin titi. Kwatanta taka da wata 504 da ke jigilar tumatir daga Mile 12, daidai yake da a yi wa ragon layya kuɗin tunkiyar da ta kwana biyu ba ta ci ba don duk tumaki ne.

To amma faɗa da baki ba ya ƙara ko kwabo. Takarda ce ke magana a wurinsu, sai ka je musu da takarda.

Ka fara da tasu. Ka rubuta musu ka nemi kwafin rahoton mai ƙiyasta asarar, da bayanin yadda aka kai ga miliyan 1.2: da waɗanne motoci aka kwatanta, a ina aka gan su, a wane hali suke. Ka kuma nemi rahoton duba motar da aka yi kafin su karɓi inshorar. Ba kowane kamfani ke yarda ya yi wa tsohuwar mota cikakkiyar inshora ba, kuma wanda ya yarda yakan duba ta ya ɗauki hotuna. In sun duba, sun gani da idonsu, sun amince da miliyan 4.5. Lissafin ma ya nuna haka, domin tun daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta tsayar cewa kuɗin cikakkiyar inshorar mota kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar da aka rubuta, kuma 225,000 ɗin da kake biya kashi 5 ne cif na miliyan 4.5. Wannan shi kaɗai ba zai ci maka shari'a ba, amma tambaya ce mai nauyi a teburin sulhu: ranar karɓar kuɗi motar ta kai miliyan 4.5, yaya aka yi ranar biya ta koma miliyan 1.2? Su amsa a rubuce.

Sannan taka. Duk rasidin da ka ajiye na shekara ukun nan ka tattaro. Inda babu rasidi, kuma na san halin garejinmu, yawanci babu, ka nemo shaidar tura kuɗi ta banki, ka koma wurin bakanike da mai fenti da mai ɗinkin kujeru kowa ya rubuta abin da ya yi da abin da aka biya shi, ya sa hannu da lambar shagonsa. Hotunan motar kafin gyara, ana cikin gyara, da bayan an gama, musamman masu kwanan wata a waya, ka buga su a takarda. Ka sani fa, ba za a mayar maka da duk abin da ka kashe ba, domin sau da yawa kuɗin tayar da tsohuwar mota ya fi kuɗin da za ta yi in an sa ta a kasuwa. Amfanin rasidan shi ne su tabbatar da halin da take ciki kafin hatsarin. Bayan haka ka nemo tallace-tallacen 504 masu lafiya irin taka, a intanet da wurin dillalai, ka ɗauki hoton kowane talla da farashinsa da ranarsa. Kada ka zaɓo masu tsada kaɗai, za su gane, kuma za su ce farashin talla ba farashin sayarwa ba ne. Uku ko huɗu masu kama da taka sun fi goma da aka tsinto barkatai. In ka samu wanda ya sayi irinta kwanan nan ya yarda ya nuna shaidar abin da ya biya, wannan ya fi duka. Abu na ƙarshe da ya cancanci ka kashe masa kuɗi shi ne rahoton wani mai ƙiyasi ko injiniyan mota mai rajista wanda kai ka ɗauko, ba su ba. Rahoton ƙwararre ba ya rushewa sai da rahoton ƙwararre.

Yanzu maganar Hajiya, wadda a ganina ita ce zuciyar wasiƙarka. Na karanta ta sau biyu, na ga ba kuɗin ne ya fi ci maka rai ba, ɗauke motar ne.

"Ba ta gyaruwa" a bakin kamfanin inshora ba lallai yana nufin ƙarfen ya mutu ba. Sau da yawa ma'anarsa ita ce kuɗin gyara ya kusa ko ya wuce darajar da suka yi wa motar, don haka biyan ka ya fi musu sauƙi. Ka ga kenan in suka karya darajar, duk ɗan gyara sai ya zama ya wuce ta, su kashe motar a takarda tana da sauran numfashi. Kuma tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, sai irin wannan hukunci ya ƙara sauƙi. Ka ɗauki bakaniken da ya san Fijo tun tana tashe, irin dattawan nan da ke gane ciwon inji da kunne, da mai gyaran jiki na kirki, su duba su rubuta maka nasu ƙiyasin, da farashin kayan kamar yadda suke a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo. Amma ka roƙe su gaskiya tsakani da Allah. In bugun ya tsaya a bamba da but da fitilu da lagireto, wannan aikin makonni ne. In kuwa ƙashin motar ya karkace, inda ƙafafu ke kamawa ya motsa, kada son Alhaji ya sa ka ɗora 'ya'yanka a cikinta ka hau babbar hanya. Ranka da nasu sun fi ta.

Ko ta gyaru ko ba ta gyaru ba, kana iya neman a bar maka ita. Ƙa'ida ita ce in kamfani ya biya cikakken kuɗin mota, gawar ta zama tasa, ya sayar ya rage asara. Amma abu ne sananne mai mota ya ce a yi wa gawar kuɗi, a cire daga abin da za a ba shi, ya riƙe abarsa. Ka sa wannan buƙata a wasiƙarka ta farko, ka kuma rubuta ƙarara cewa ba ka yarda a sayar ko a matsar da motar ba har sai an daidaita. A nan ma akwai abin lura da zai taimake ka: ba zai yiwu su ce motar ba ta da daraja lokacin biyan ka, sannan su tsuga wa gawarta kuɗi lokacin da za ka riƙe ta ba. Kada ka miƙa takardun mallaka na asali ko makulli na biyu kafin a kai ƙarshe. Kwafi ya ishe su.

Wasiƙar kanta kada ta yi tsawo, kada kuma a ji fushi a ciki. Lambar yarjejeniya, lambar da suka ba ƙorafinka, cewa ba ka amince da tayin ba, adadin da kake nema da hujjojinsa, buƙatar riƙe motar, da kwanakin da kake jiran amsa. Ka kai da hannu a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka kuma tura ta imel. Duk wanda ya kira ka a waya ya yi maka alkawari, ka ce ya rubuto. Kana iya neman su biya abin da babu gardama a kansa yanzu, bisa sharaɗin a rubuta cewa ba sallama ba ce. Wasu kan yarda, wasu ba sa yarda, amma tambaya ba ta ɓata komai. In ta hannun dillalin inshora mai rajista ka yi, ka tasa shi gaba, ya ci kamasho a kanka, yau ce ranar aikinsa.

Abokinka da ya ce ba a ja da kamfani a Ikko, da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma bai san ƙofofin ba ne. In kamfanin ya toshe kunne, NAICOM, hukumar da ke ba su lasisi kuma take iya hukunta su, tana da sashen karɓar koke-koken jama'a. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa, NIA, wadda hedkwatarta ke nan Legas, ita ma tana sauraron ƙorafi a kan mambobinta. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Akwai kuma zauren sulhu na babbar kotun Legas da aka buɗe tun 2002, inda ake zaunar da ɓangarori biyu a sasanta ba tare da doguwar shari'a ba. Doka ma ba ta bar su sakaka ba. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta wa kamfanin da ya ƙi biya ya ba da dalilinsa a rubuce cikin kwana 90, kuma a Agustan 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbinta, wadda ita ma ta matsa a kan biyan haƙƙi cikin lokaci. Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai: ka duba ƙarshen yarjejeniyarka, yawanci akwai sharaɗin cewa saɓani a kan adadin kuɗi sai an kai gaban mai sasantawa kafin kotu, wani lokaci da wa'adin da in ya wuce an ɗauka ka haƙura. Mako biyun da suka ba ka hanzarinsu ne, amma wannan wa'adin na cikin yarjejeniya shi ne abin tsoro. Ka biya lauya kuɗin zama ɗaya ya karanta maka ita daga farko har ƙarshe.

Mai jif ɗin fa? Ba ka ce komai a kansa ba. Wanda ya daki mutum ta baya galibi shi ke da laifi, kuma inshorar dole ta motar gida tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Ka karɓi rahoton 'yan sanda, ka duba lambar motarsa a rumbun bayanan inshora na NIID ka ga ko tasa ta gaske ce, don na jabu sun yi yawa a gari. Sai dai ka kula: in kamfaninka ya biya ka, haƙƙin bin mai laifi a kan abin da suka biya ya koma hannunsu. Saboda haka kada ka karɓi wani abu a hannunsa ka rubuta masa cewa ka yafe ba da saninsu ba, za su iya kafa hujja da wannan su rage maka. Abin da inshorarka ba ta rufe ba, kamar kason da za su cire da kuɗin janwe, shi kake iya nema a wurinsa.

Akwai wata tambaya da ya kamata in yi maka a matsayin uba. An raba gadon Alhaji? Motar nan ta faɗo a rabonka ne, ko 'yan'uwa sun bar maka ita da baki kawai? Sunan wa ke kan takardunta? In har yanzu sunan marigayi ne, ka gyara zancen da wuri, da takardar rabon gado ko yardar magada a rubuce, kafin kamfanin ya tayar da ita a matsayin dalilin jinkiri. In kuma akwai haƙƙin ƙannenka a jikinta, to akwai shi a kuɗin da za a biya da kuma gawar da za a riƙe. Ka zaunar da su yanzu, tun kuɗi bai shigo ba, a gaban Hajiya.

Gobe da safe, kafin ka buɗe shago, ka je inda aka ajiye motar. Motar da ta yi hatsari a garin nan ba ta kwana da kayanta: yau madubi, gobe batir, jibi zakin da ke gaban bonet, kuma irin waɗannan ƙananan kayan na asali su ne masu wuyar samu. Ka ɗauki hotonta ta kowace kusurwa, ciki da waje, da lambar inji da ta shasi. Ka kwashe abin da ke cikinta na gida. Ka sayi tamfol mai kauri ka lulluɓe ta, domin ruwan Legas in ya shiga ta fasasshen gilashi, wata guda ya isa ya ruɓar da kujerun da ka kashe wa kuɗi. In ana cajin kuɗin ajiya a wurin, ka sanar da kamfanin a rubuce cewa za ka mayar da ita gida, su zo su sake dubawa a can in suna so.

Ka gaishe min da Hajiya, ka ce mata ba a sallama ba tukuna. In amsarsu ta zo, ka turo min in gani.

Kawunka